Miƙa Ba Kasala Ba Ce

'Yan'uwa marubuta da masu sha'awar shiga wannan sana'a tamu, a wannan fitowa muna so mu ɗan kauce daga maganar jigo da salo da tsadar takarda, mu yi magana a kan wani abu da kowa ke yi amma ba a ɗauke shi a bakin komai ba, wato miƙa. Mun san wani zai yi murmushi ya ce yau kuma marubuta sun rasa abin faɗa. To, a yi mana haƙuri a karanta har ƙarshe, domin maganar ta shafi jarin da muke juyawa kullum, wanda in ya karye babu ɗan kasuwar da zai ranta mana wani. Jarin nan kuwa shi ne gadon bayanmu da wuyanmu da yatsunmu.

A wurin Bahaushe miƙa ba ta da wata daraja. Ita da hamma Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, duk ana lissafa su cikin alamun kasala da son jiki. Dukanmu mun taso an hore mu da kada mu yi miƙa a gaban manya, kuma yaron da malami ya kama yana miƙa a aji ya san abin da zai biyo baya. Ta fuskar ladabi wannan tarbiyya ce mai kyau, ba mu da ja a kanta. Sai dai ta bar mana wani tunani a rai, cewa mai miƙa rago ne, mai ƙwazo kuwa shi ne wanda zai duƙufa awa 4 bai ko motsa ba. Amma a dubi kyanwa. Babu dabbar gida da ta kai ta zafin nama, ga shi kuwa ba ta tashi daga barci ta nufi ko'ina sai ta tura ƙafafun gaba ta lanƙwasa baya, sa'an nan ta ja na baya ɗaya bayan ɗaya. Haka kare yake yi, haka doki, har tsuntsu kan buɗe fiffike guda ya miƙe ƙafa a ƙarƙashinsa. Jariri ma ba wanda ya koya masa, kuma likitoci masu duba ciki da na'urar hoto sun sha ganin ɗan tayi yana hamma yana miƙa tun bai zo duniya ba. Abin da jiki ya zo da shi tun daga ciki, da wuya a ce aikin banza ne.

Bari mu duba yadda muke aikinmu. Waɗanda suka daɗe a cikinmu sun fara ne da littafin rubutu irin na 'yan makaranta bisa cinya, ana zaune a tabarma ko bakin gado, an sunkuya kusa da fitilar ƙwai don a ga layi. Daga nan aka koma tafireta, sai kwamfuta, yau kuma ga ƙannenmu da 'ya'yanmu, musamman mata, suna rubuta littafi sukutum a kan waya da manyan yatsu biyu, su riƙa sakinsa babi-babi a WhatsApp ko Facebook. Kayan aiki sun sauya, amma zaman yana nan yadda yake, kai a sunkuye, kafaɗu a tattare, baya ya yi baka, ƙafafu a naɗe wuri guda. Wanda yake son shaida ya zo taronmu na karatu. Za a shafe awa 3 ana sauraron labari ana sharhi, to sai ya jira lokacin da aka ce a tashi. Wani zai dafa gwiwa, wani ya riƙe kwankwaso, wani ya ce "wash!", wani kuma ya tsaya tukuna sai ƙafarsa da ta sage ta dawo. Kuma ba dattawa kaɗai ba, har da samarin da ba su kai shekara 30 ba.

Wannan ciwo namu ba sabo ba ne. Wani likita ɗan ƙasar Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a shekarar 1700 a kan cututtukan da kowace sana'a ke jawo wa mai ita, tun daga masu haƙar ma'adinai har zuwa teloli da masu ɗinkin takalma. Da ya sake buga littafin a 1713 sai ya ƙara babi a kan magatakarda da masu kwafar takardu. Abubuwa uku ya lissafa da ke cutar da su: yawan zama, da juya hannu ta hanya guda ba hutawa, da kuma ɗaure hankali don gudun kuskure. Shawarar da ya bai wa masu aikin zaune kuwa ita ce su riƙa motsa jiki. Yau shekara sama da 300 ke nan, amma duk wanda ya karanta abubuwan nan uku daga cikinmu zai ce da shi ake. A zamaninmu kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar da ƙiyasin cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma shi ne kan gaba a cikin cututtukan da ke tauye mutane su hana su harkokinsu. Ba duka zama ne ya jawo ba, amma mu masu zama muna da kasonmu a ciki.

To, me zama yake yi wa jiki? Kan babban mutum nauyinsa ya kai kilo 5. In yana zaune daidai bisa wuya, ƙashi ne ke ɗauke da shi ba wata wahala. Da zarar an sunkuyar da shi gaba, sai tsokokin ƙeya da na kafaɗa su karɓi aikin, kamar mai riƙe da tulu da ya miƙa shi nesa da jikinsa. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa irin sunkuyon nan mai zurfi na mai duba waya yana iya ɗora wa wuya nauyin da ya kai kilo 27. Ban da wuya, akwai tsokar da ta taso daga ƙashin baya ta ratsa ta gaban ƙugu ta sauka a cinya, wadda ke zama a takure muddin mutum na zaune. Haka ta bayan cinya take in gwiwa na lanƙwashe, haka ta ƙirji in hannuwa na gaba. Jiki kuwa mai saurin sabo ne. Duk iyakar da aka daina kai wata gaɓa, sai ya ɗauka ba a bukatarta, ya fara janye ta sannu a hankali, tamkar hanyar gona da aka daina bi ciyawa ta cinye ta.

Iyayenmu da kakanninmu ba su san wani darasin miƙa ba, domin rayuwarsu ce ke yi musu. Mai daka tana ɗaga taɓarya sama da kai, mai jan guga yana sunkuyawa yana miƙewa, mai girki tana tsugune a bakin murhu, mai gida yana zama a tabarma ya tashi sau ba adadi a yini. Ba mu ce rayuwar ba ta da wahala ba, domin noma da dako su ma suna karya baya. Amma dai gaɓoɓinsu na kaiwa iyakarsu kowace rana. Kakanninmu mata ma in sun yi wa jariri wanka sukan gasa masa jiki, su miƙar da hannuwansa da ƙafafunsa, su haɗa su su ware. Mu kuwa kujera ta karɓe mu daga safe har dare, ta mota, ta ofis, ta falo, a wasu gidajen har bayan gida ya koma na zama.

Akwai wani gwaji da kowa zai iya yi a ɗakinsa. Wani likita a ƙasar Brazil, Claudio Gil Araújo, shi da abokan aikinsa sun sa mutum 2,002 masu shekara 51 zuwa 80 su zauna a ƙasa su kuma tashi, ana rage musu maki duk lokacin da suka dafa hannu ko gwiwa. Sakamakon da suka fitar a 2012 ya nuna cewa waɗanda suka fi shan wuya wajen zama da tashin sun fi yawa a cikin waɗanda suka rasu a shekarun da suka biyo baya. Gwajin ba ya gaya wa kowa ranar ajalinsa. Abin da yake aunawa shi ne ƙarfin tsoka da laushin gaɓa da iya tsayuwa daidai, waɗanda mutum ke bukata don ya riƙe kansa in girma ya zo. Abin da kakarmu ke yi da ƙwaryar fura a hannu ba tare da ta zubar ba, yau shi ne ke gagarar jikanta mai digiri. Mun ga mutanen da muke girmamawa sun koma yin salla a kan kujera tun shekarunsu ba su kai ba, mun kuma ga rubuce-rubucen da suka tsaya a tsakiya domin mai su ba ya iya zaman minti 20 ba tare da baya ya tayar da shi ba. Abin da ya sa muka ɗauko maganar ke nan.

Yanzu sai mu zo kan miƙar kanta, da dalilin da ya sa ake cewa a yi ta a hankali. A cikin kowace tsoka akwai wasu 'yan ƙananan jijiyoyi masu gadi, aikinsu su ji in an ja tsokar. In an fizge ta da sauri sai su aika saƙo zuwa laka, ita kuma ta umarci tsokar ta ƙanƙame nan take don kada ta yage. Masana biyu a Ingila, Liddell da Sherrington, su suka yi bayanin wannan a 1924, kuma shi ne abin da likita ke gwadawa in ya ƙwanƙwasa wa mutum ƙasan gwiwa ƙafar ta yi tsalle da kanta. Saboda haka wanda ke fizgar jikinsa don ya taɓa yatsun ƙafa da ƙarfin tsiya, masu gadin nan yake tsokana, tsokar kuma ƙara ɗaurewa take yi. Zafin nema ba ya kawo samu. In aka je a hankali aka tsaya, sai tsokar ta saki.

Tsayuwar ta tsawon wane lokaci? A 1994 wasu masana gashin ƙashi a Amurka, Bandy da Irion, suka raba mutane rukuni-rukuni, wasu na riƙe miƙar bayan cinya daƙiƙa 15, wasu 30, wasu 60, har tsawon mako 6. Masu 30 sun fi masu 15 samun sassauci, masu 60 kuma ba su fi masu 30 ba. Shekara biyu bayan haka, a 1996, wani masani a ƙasar Danmak mai suna Magnusson ya gano wani abu mai ban sha'awa. Bayan mako 3 ana miƙa, ƙafar mutanen da ya gwada ta ƙara nisan da take kaiwa, amma da aka auna tsokar sai aka tarar taurinta na nan yadda yake. Abin da ya sauya shi ne jurewarsu ga jan. Wato a makonnin farko ƙwaƙwalwa ce ke sassauta linzami, bayan ta gamsu cewa babu haɗari a wurin. Ga masu son ƙa'ida kuwa, ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka ta bayar da shawara a 2011 cewa a yi miƙa aƙalla kwana 2 ko 3 a mako, kullum kuma ya fi, a riƙe kowace daƙiƙa 10 zuwa 30, a maimaita har jimlar ta kai daƙiƙa 60 ga kowace tsoka. Dattawa su riƙe daƙiƙa 30 zuwa 60.

Amfanin farko ke nan, wato gaɓa ta dawo da iyakarta, mutum ya iya waiwaye, ya iya tsugunno, ya iya ɗaura igiyar takalminsa. Na biyu shi ne sauƙin ciwo. A birnin Seattle na Amurka an raba mutum 228 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu gida uku, wasu aka sa su ajin yoga, wasu ajin miƙa da ɗan atisayen ƙarfafa tsoka, wasu kuma aka ba su littafi su karanta su kula da kansu. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna cewa bayan mako 12 'yan aji biyun farko sun fi masu littafi samun sauƙin gudanar da harkokinsu, kuma tsakanin yoga da miƙa babu wani bambanci na a zo a gani. Mu da sana'armu littafi ce, akwai darasi a nan, karanta magani ba ya maye gurbin shansa. A ƙasar Holan kuma an gwada mutum 80 da suka haura shekara 55 masu fama da ƙagewar ƙafa cikin dare. Waɗanda suka riƙa miƙa sharaɓa da bayan cinya kafin su kwanta har mako 6, ƙagewar ta rage zuwa, zafinta ma ya ragu, kamar yadda aka bayyana a 2012. Daɗin daɗawa, wani ƙaramin bincike a Jami'ar Milan ta Italiya a 2020 ya nuna cewa miƙar ƙafa ta mako 12 ta kyautata gudun jini da laushin jijiyoyin jini a jikin waɗanda aka gwada.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, miƙa ba maganin a-sha-yanzu-magani-yanzu ba ce, kuma an jingina mata abubuwan da ba ta yi. A ƙasar Ostireliya an bi kuratan soja 1,538 har mako 12 na horo, rabinsu na miƙa kafin atisaye rabi ba sa yi, da aka fitar da sakamako a 2000 sai aka ga raunin da suka ji kusan ɗaya ne. A 2002 kuma masana biyu, Herbert da Gabriel, suka tattara binciken da aka yi a baya suka nuna cewa miƙa kafin motsa jiki ko bayansa ba ta hana tsamin jikin da ke zuwa washegari. A ƙasar Finlan an gwada mata 180 ma'aikatan ofis masu ciwon wuya, aka tarar a 2003 cewa waɗanda suka haɗa da atisayen ƙarfafa wuya sun fi waɗanda suka tsaya a miƙa kawai samun sauƙi. Ashe ke nan miƙa na son abokan tafiya, wato tafiyar ƙasa da ɗan aikin ƙarfi.

Akwai kuma inda bai kamata a tsaya miƙa ba. Wanda ciwon bayansa ke sauka ƙafa kamar wutar lantarki, ko ƙafar ta riƙa mutuwa tana rasa ƙarfi, ko ya kasa riƙe fitsari, ko ciwon ya zo da zazzaɓi ko rama, ko ya biyo bayan faɗuwa, wannan asibiti zai nufa ba tare da jinkiri ba. Sabon targaɗe ba a jansa. Mai juna biyu ta nemi shawarar ma'aikatan lafiya tukuna. Haka nan akwai wata ƙagewar yatsu da ke kama marubuci sai ya riƙe alƙalami, in ya ajiye ta sake shi. Wannan asalinta daga ƙwaƙwalwa ne, likita ne ya kamata ya duba ta.

To, mu koma ɓangaren zuciya da tunani, domin a nan ne mu marubuta muka fi cin riba. Wani likita a birnin Chicago, Edmund Jacobson, ya wallafa littafi a 1929 a kan yadda ake koyon sakin jiki. Ya auna tsokokin mutane da na'ura ya tarar ko tunanin motsi kawai mutum ya yi, tsokar da abin ya shafa takan ɗan ɗaure, kuma mai damuwa yana yawo ne da ɗaurarrun tsokoki bai sani ba. Mu ba mu bukatar na'ura kafin mu yarda. Duk wanda ya taɓa rubuta faɗan kishiyoyi ko mutuwar tauraron labarinsa ya san yadda ake gama shafin haƙora a cije, kafaɗu sun kusa taɓa kunne. Haka yake in maɗaba'a na jira, ko masu karatu na ta aiko saƙo ina ci gaba. Jiki magayi ne, amma mai rubutu ya yi nisa cikin duniyar da yake ƙirƙira, ba ya jin kiran. Miƙa ita ke sa mu juyo mu saurara, mu gane inda damuwar ta taru, mu sake ta.

Na biyu shi ne numfashi. Ba a iya riƙe miƙa daƙiƙa 30 cikin natsuwa ana haki, dole numfashi ya yi tsawo. Akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta isa zuciya da hanji, kuma duk lokacin da mutum ke fitar da numfashi takan rage wa zuciya gudu. Shi ya sa ajiyar zuciya ke kawo sauƙi, shi ya sa kuma miƙar minti 10 kafin kwanciya ke taimaka wa da yawa daga cikinmu mu rabu da mutanen labarinmu mu samu barci.

Na uku shi ne tashi daga kan takarda. Akwai jimlar da za ta ƙi fita ko an yi awa ana harararta, amma da an tashi an juya mata baya sai ga ta ta zo da kanta. A Jami'ar Stanford ta Amurka wasu masana biyu, Oppezzo da Schwartz, sun nuna a 2014 cewa mutane sun fi kawo sababbin dabaru suna tafiya a kan suna zaune. Tafiya suka gwada, amma wanda ya tashi don miƙa ya riga ya bar kujera, taku goma a tsakar gida ba zai gagare shi ba. Ba mu ce miƙa na biyan bashi ko tana warkar da ciwon damuwa mai tsanani ba, wannan na da masu maganinsa. Abin da take yi shi ne ta ba hankali 'yar tazara. Mutanen Japan sun daɗe da gane haka. Tun a 1928 gidan rediyonsu ya fara watsa shirin motsa jiki da safe, 'yan mintoci kaɗan na miƙa da lanƙwasa tare da kiɗa, kuma har yau ana yinsa a makarantu da wuraren aiki. Mutanen Japan kuwa ba ragwaye ba ne.

Ga yadda wasunmu suka tsara wa kansu, ko wani zai ɗauki abin da ya dace da shi. Ba a bukatar kaya ko kuɗi, bango da tabarma da kujera 'yar tsugunno sun isa. A fara ɗan zagaya tsakar gida na minti 2 ko 3, domin tsoka mai ɗumi ta fi karɓar ja, musamman lokacin hunturu. Sai wuya: a ja haɓa baya kaɗan, a kwantar da kunnen dama wajen kafaɗar dama ba tare da ɗaga kafaɗar ba, a riƙe, sa'an nan a koma hagu. Kada a fizgi kai don a ji ƙara. Sai ƙirji: a tsaya a bakin ƙofa, a dafa gefe biyu da hannuwa daidai kafaɗa, a tura ƙirji gaba a hankali. Sai gaban ƙugu: a durƙusa da gwiwa ɗaya a tabarma, ɗaya ƙafar a gaba, a tura ƙugu gaba baya na miƙe. Sai bayan cinya: a ɗora diddige a kan 'yar kujera, a sunkuyo daga ƙugu ba tare da gantsara ko tanƙwara baya ba. Sai sharaɓa: a dafa bango, a ja ƙafa ɗaya baya, diddige na ƙasa. Daga ƙarshe hannu, wanda shi ne garmarmu: a miƙe shi gaba, a ja yatsu baya a hankali da ɗaya hannun, sa'an nan a lanƙwasa su ƙasa, a kuma ware babban yatsa, musamman ga masu rubutu a waya.

Kowace a riƙe ta daƙiƙa 30, a yi sau biyu. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne, a ji ja amma kada a ji zafi, kuma in mutum ya ga ya riƙe numfashi to ya wuce gona da iri, ya ɗan sassauta. Wannan sau ɗaya a yini ya wadatar. A tsakiyar aiki kuma, duk bayan rabin awa ko an cika shafi biyu, a tashi tsaye, a dafa kwankwaso a ɗan banƙare, a ɗaga hannuwa sama, a dubi nesa don ido ma ya huta. 'Yan'uwanmu mata da ke rubutu tsakanin girki da raino suna iya yi kafin tukunya ta tafasa. Kada kowa ya sa ran ganin sauyi a kwana biyu, sai an yi makonni, kuma in aka daina abin da aka samu zai koma. Sannu ba ta hana zuwa.

A ƙarshe muna da roƙo guda biyu. Na farko ga shugabanninmu masu jan ragamar taro, da su riƙa ba da minti 5 a tsakiyar zama kowa ya tashi ya warware jikinsa, maza a gefensu mata a gefensu. Ladabinmu na nan ba a taɓa shi ba, tunda manya ne da kansu suka ba da izini, kuma muna da yaƙinin sharhin da zai biyo baya zai fi armashi. Na biyu ga matasan da ke shigowa da zafinsu, masu kwana suna rubutu. Mun ji daɗin ƙwazonku, muna kuma fatan mu karanta littafinku na 20 kamar yadda muka karanta na farko. Amma rubutu doguwar tafiya ce, kuma da wannan baya da wannan wuya za a yi ta har ƙarshe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku saba da tashi tun jiki bai fara tayar da ku da kansa ba.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, amin.